Tambaya da Amsa: Inshorar Gida da Garantin Kaya

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon yawancinsu kan kariyar gida da kayan cikinsa ne. Mun zaɓi shida, mun kuma taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi firji wata bakwai da suka wuce, aka ba ni katin garanti na shekara ɗaya. Wani dare wutar lantarki ta dawo da ƙarfi, firjin ya ƙone tare da talabijin ɗina. Da na koma wurin dillalin sai ya ce garanti bai shafi irin wannan ba. Shin cutata ya yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah Ya mayar da alheri. Maganar ba za ta yi miki daɗi ba, amma bisa abin da kika rubuta, dillalin yana kan daidai. Garanti alkawari ne daga wanda ya ƙera kaya, ko wanda ya sayar da shi, cewa kayan bai fito daga masana'anta da aibi ba, kuma idan wani aibi na ƙira ya bayyana cikin wa'adin da aka yanka, za a gyara ko a musanya. Da injin firjin ne ya tsaya haka kawai, ba tare da wani dalili daga waje ba, da kina da haƙƙi cikakke. Amma wutar da ta zo da ƙarfi daga waje ta shigo, kuma ƙonewar talabijin a dare guda ita ce babbar shaidar da dillalin zai kafa a kanki, domin da wuya na'urori biyu daga masana'antu daban-daban su nuna aibin ƙira a sa'a ɗaya.

Irin wannan asarar a ɓangaren inshora take. Garanti yana duba lafiyar kayan tun daga asali, inshora kuwa tana duba abin da ya auka wa kayan daga baya, kamar gobara, sata ko faɗuwar tsawa. Ko a nan ma sai an lura, domin akwai takardun inshora da ke biyan ɓarnar tsawa amma ba sa biyan ɓarnar hauhawar wutar lantarki sai an nemi a ƙara sharaɗin musamman. Wani abu da ya kamata masu saye su sani shi ne, katin da ake bayarwa a shago ba shi kaɗai ne haƙƙinsu ba, domin dokokin ƙasashe da dama sun ɗora wa mai sayarwa wani nauyi na daban. A ƙasashen Tarayyar Turai, alal misali, mai sayarwa yana ɗauke da alhakin aibin da kaya ya zo da shi har tsawon shekara biyu, ko da bai ba da kati ba, kuma a shekarar farko shi ne zai tabbatar da cewa kayan lafiya ya bar hannunsa. Sai dai wannan ma aibin asali yake karewa, bai kai ga ƙonewar da kika bayyana ba.

Tambaya: Ni ɗan haya ne, kuma mai gidan ya ce mini ya yi wa gidan inshora. Idan gobara ta tashi, za a biya ni kayana?

Amsa: Ba za a biya ka ba, Malam. Inshorar gida kashi biyu ce, ta gini da ta kayan ciki. Ta gini ta ƙunshi bango, rufi, daɓe, ƙofofi, tagogi, wayarin da bututun ruwa, ita ce kuma mai gida yake yi. Duk abin da za ka loda a mota ranar da za ka tashi daga gidan, kamar gado, kujeru, tufafi da na'urori, kayan ciki ne, kai ne za ka yi masa inshora. Mai gidan ba zai iya yi maka ba ko da ya so, saboda ƙa'idar wannan sana'a ce cewa mutum ba ya yin inshorar abin da salwantarsa ba za ta jawo masa asara ba.

Akwai kuma wani ɓangare da 'yan haya ba su cika tunawa da shi ba. Idan wutar ta tashi daga ɗakinka saboda sakaci, kamar dutsen guga da aka bari a kunne, kamfanin zai biya mai gida, sannan a ƙasashe da yawa yana da ikon tsayawa a matsayinsa ya nemi kuɗinsa daga hannunka. Saboda haka idan za ka yi inshorar kayanka, ka tambaya ko ta haɗa da biyan ɓarnar da ka jawo wa wani.

Tambaya: Malam, shekara tara ina biyan inshorar gidana ba fashi. Bana gobara ta cinye ɗakuna biyu da kicin. Masu ƙiyasi sun zo sun auna ɓarnar, ba mu yi jayayya kan adadin ba, amma kamfanin ya ce rabi kawai zai biya, alhali ɓarnar ba ta kai jimillar kuɗin da ke rubuce a takardata ba. Wannan ba zalunci ba ne?

Amsa: Allah Ya kiyaye gaba, Alhaji. Wannan tambayar ta fi sauran nauyi, kuma mutane da yawa suna cikin irin halinka ba su sani ba, don gobara ba ta riga ta tona musu ba. Abin da ya same ka wani sharaɗi ne da ke cikin yawancin takardun inshorar dukiya, wanda ya ce idan adadin da aka yi wa inshora bai kai ainihin kuɗin sake gina gidan ba, to kamfani zai biya ne daidai da kason da aka kare. Mu ɗauki misali, a kowane irin kuɗi. Mutum ya rubuta miliyan 20 a takarda, amma ranar da gobara ta tashi sake gina gidan gaba ɗaya zai ci miliyan 40. A idon kamfani rabin gidan kaɗai aka kare, ɗaya rabin mai gida ya ɗauki nauyinsa da kansa. Idan ɓarnar ta kai miliyan 10, za a ba shi miliyan 5, duk da cewa 10 ba ta kai 20 ba. Ina kyautata zaton adadin da aka rubuta shekara tara da suka wuce shi kake ta sabuntawa, alhali siminti, katako, kwanon rufi da ladan magina duk sun tashi.

Hujjar kamfani ita ce, kuɗin da kake zubawa duk shekara an lissafa shi ne bisa adadin da ka faɗa, kuma da za a biya kowa cikakkiyar ɓarna komai ƙanƙantar abin da ya rubuta, da kowa ya rubuta kaɗan, tunda gobara ba ta cika cinye gida ƙurmus ba. Daidaita abin da ake karɓa da girman haɗari tsohon al'amari ne. Bayan babbar gobarar Landan ta 1666, wadda ta cinye gidaje kimanin 13,200, Nicholas Barbon ya kafa ofishin inshorar gobara a farkon shekarun 1680, kuma tun a lokacin ana karɓar ninki biyu daga mai gidan katako a kan abin da mai gidan bulo yake biya. Lissafin yana da ma'ana, amma a ra'ayina kamfanin da ya karɓi kuɗinka sau tara ba tare da ya tunatar da kai ka sake ƙiyasta gidan ba, bai kyauta ba, ko da doka ta wanke shi.

Ga abin da za ka yi yanzu. Ka nemi a ba ka lissafin a rubuce, musamman adadin da suka ɗauka a matsayin kuɗin sake gina gidan, domin a nan ne ake samun kuskure. Abin da ake aunawa kuɗin gini ne, ba farashin da gidan zai yi a kasuwa ba, kasancewar farashin kasuwa ya haɗa da fili, fili kuwa ba ya ƙonewa. Idan suka cusa darajar fili a ciki, sun kumbura adadin, kasonka ya ragu ba bisa ƙa'ida ba. Kana da ikon ɗauko naka mai ƙiyasin, kuma ka tuna cewa wanda kamfani ya turo, kamfani ne yake biyansa. Ka duba ko takardarka tana da sharaɗin ƙara adadin kai tsaye duk shekara don bin tashin farashi, ko wani sassauci idan giɓin bai wuce wani kaso ba. Idan ba ku daidaita ba, ka shigar da ƙorafi a rubuce ga kamfanin, sannan ga hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora, kafin a kai ga kotu. Kada ka sa hannu a takardar da ke cewa ka karɓi kuɗin a matsayin biya na ƙarshe alhali kana da sauran magana.

Ka kuma shirya wa ragi biyu da za su iya biyo baya. Na farko shi ne wani ƙayyadadden adadi da wanda ya yi inshorar yake ɗauka da kansa a kowace asara kafin kamfani ya fara biya. Na biyu ya shafi kayan ciki: wasu takardun suna biyan kuɗin sabo a madadin tsoho, wasu kuwa suna cire tsufa da amfani, ta yadda kujerar da ta shekara takwas za a biya ta a matsayin kujera mai shekara takwas.

Ga sauran masu karatu, gemun ɗan'uwanku ya kama wuta, sai a shafa wa naku ruwa. A ɗauko takarda a duba adadin, a kuma sanar da kamfani duk wani canji, kamar ƙarin ɗaki, mayar da wani sashe shago, ajiye man fetur, ko barin gida babu kowa na tsawon lokaci. Tun shari'ar da alƙali Mansfield ya yanke a Ingila a 1766 aka kafa cewa yarjejeniyar inshora tana tsayuwa ne kan cikakkiyar gaskiya daga ɓangarorin biyu, kuma ɓoye abin da ke ƙara haɗari kan ba kamfani hanyar rage biya ko ƙin biya ɗungurungum.

Tambaya: Inshorar gida tana biyan ɓarnar ambaliya?

Amsa: Sai idan an rubuta. Kamfanoni suna rarrabe ruwa gida uku: wanda ya ɓalle daga bututu farat ɗaya, shi galibi ana biyansa; da wanda ya daɗe yana yoyo har ya ruɓar da silin, shi ana ɗaukarsa rashin kulawa ne ba a biya; da wanda ya malalo daga waje. Na ukun yana ba kamfanoni tsoro saboda yana auka wa dubban gidaje lokaci guda. Shi ya sa a Amurka inshorar gida ta yau da kullum ba ta ƙunshi ambaliya ba, har gwamnati ta kafa shiri na musamman a 1968, Birtaniya ma ta ɓullo da nata tsarin a 2016 don masu gidaje a wuraren da ruwa ke yawan ci. Ka nemi kalmar ambaliya a jerin abubuwan da aka kare, ka kuma karanta jerin waɗanda aka keɓe.

Tambaya: Malam, ina son kare gidana amma zuciyata ba ta kwanta da inshora ba ta fuskar addini. Akwai mafita?

Amsa: Akwai, Malama. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Jidda a 1985, ta yanke cewa inshorar kasuwanci tana ɗauke da garari mai yawa, wato rashin tabbas a ciniki, ta kuma amince da inshorar taimakekeniya wadda aka gina kan gudummawa. Ita ce ake kira takaful. An kafa kamfani na farko a Sudan a 1979, Malesiya kuma ta yi mata doka a 1984. Mahalarta suna zuba gudummawa a asusu guda wanda mallakinsu ne, ana biyan wanda asara ta samu daga ciki, kamfani yana karɓar ladan gudanarwa, ana juya kuɗin a harkokin da babu riba ta haram, kuma idan an samu rara ana iya raba musu. Akwai malaman da suka halatta inshorar kasuwanci, don haka hukuncin ki nema wurin malamin da kika amince da iliminsa. Abin da zan ƙara nawa shi ne, takaful ma tana aiki da sharaɗin kason da na bayyana wa Alhaji a sama, saboda haka rage darajar gida a takarda zai cuce ki a can kamar yadda zai yi a nan.

Tambaya: Duk lokacin da na sayi na'ura sai an tallata mini ƙarin garanti na shekara biyu ko uku. Ya cancanci kuɗinsa?

Amsa: Sau da yawa bai cancanta ba, Malam. Na'urori sun fi lalacewa ko dai a farkon amfani, lokacin da garantin masana'anta yake aiki, ko bayan sun tsufa, lokacin da ƙarin garantin ma ya ƙare, kuma mai shago yana matsa maka ne domin yana da kamasho a ciki. Yana iya yin amfani ga na'ura mai tsada wadda gyaranta ya kusa kuɗin sabuwa. Kafin ka biya, ka tambayi ranar da zai fara aiki, domin wasu suna farawa ne daga ranar saye, ka ga ka biya shekarar farko sau biyu ke nan. Ka tambayi wanda zai yi gyaran, da wanda zai ɗauki kuɗin kai kaya da dawo da shi, da kuma ko buɗe na'urar a wurin wani mai gyara yana soke alkawarin.

Ko ka saya ko ba ka saya ba, rasit shi ne madogararka a wurin dillali da kamfanin inshora baki ɗaya. Rasit ɗin da ƙananan injunan shago ke fitarwa da zafi ake buga shi, rubutunsa kan dushe cikin watanni, musamman idan rana ko zafi ya taɓa shi. Ka ɗauki hotonsa a ranar, tare da lambar da ke jikin na'urar ta baya, ka tura wa kanka ta imel ko ka ajiye kwafi a wani wuri da ba cikin gidan ba.