Faifan Hasken da Ke Bayan Kan Yesu: Daga Ina Ya Fito?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Kalandar da muka karɓo a coci tana da hoton Yesu da Maryamu, kowanne da wani zagayen haske a bayan kai. 'Yata mai shekara 7 ta tambaye ni ko faifai suka ɗauka, na rasa abin ce mata. Akwai ayar da ta faɗi haka? Daga wata uwa a Wusasa, Zariya.

AMSA: Yawwa 'yar'uwa, ki gaishe mini da wannan yarinya, ta iya kallo. Babu inda Littafi Mai Tsarki ya ce Yesu ko manzanninsa sun yi yawo da zagaye a kai, kamar yadda wata kan yi sansani. Aikin masu zane ne, kuma aro suka yi. Tun kafin Kiristanci, Girkawa da Romawa suna zana allahn rana da tsirkiyar haske a kansa, sarakunan Roma ma suka karɓe ta don nuna isa. Sai wajen ƙarni na 4 Kiristoci suka fara sa wa Yesu, daga baya mala'iku da tsarkaka suka samu. Ko Sarki Jastiniyan na daular Roma ta gabas yana da nasa a bangon cocin San Bitale da ke Rabenna a Italiya, wanda aka keɓe a shekarar 547, alhali yana raye yana mulki.

Amma hasken kansa yana da tushe. A Matiyu 17:2 fuskar Yesu ta haskaka kamar rana a kan dutse. A Fitowa 34 Musa ya sauko daga Sina'i fuskarsa na annuri har jama'a suka ji tsoro, sai da ya riƙa rufe ta da mayafi. To, yaya mai zane zai nuna annuri da fenti ga mutanen da yawancinsu ba sa karatu? Ni dai ban ga laifin faifan ba, muddin an san alama ce. Duba kalandarku da kyau: in akwai gicciye a cikin zagayen, galibi na Yesu ne. A wasu tsofaffin cocin Roma kuwa, mai kusurwa huɗu na nufin mutumin yana da rai lokacin da aka zana shi.

Musa ne dai bai ci riba ba. Kalmar Ibrananci ta annurin fuskarsa tushenta ɗaya da ƙaho, sai Jerom, malamin cocin da ya mayar da Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Latin, ya fassara ta da "mai ƙaho". Shi ya sa mutum-mutumin Musa da Maikelanjelo ya sassaƙa a ƙarni na 16 yake zaune a Roma har yau da ƙahoni biyu a ka.