Fayil na uku za mu miƙa

Jiya da yamma ka tsare ni a bakin ƙofa kana cewa, "Maigida, ni fa lokaci ba ya isa ta. Kullum ni ne na ƙarshen tashi daga kan kwamfuta, amma kullum aikina ne a baya. Masu fitar da fim duk shekara, yaya suke yi?" Ban amsa maka nan take ba, don na fi so in fara ganin aikin da idona. Na duba da safen nan.

Fayil bakwai na tarar na aiki ɗaya. Akwai "na ƙarshe", akwai "na ƙarshe 2", akwai "na ƙarshen gaske", har da wani da ka sa wa suna "wannan ne". Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Sai da na sa tabarau kafin na gano bambancin na uku da na bakwai: launin wata fitowa ce mai daƙiƙa huɗu ka yi ta juyawa, yau ka ƙara haske, gobe ka rage. Alhali a minti na 12 bakin mai magana na motsi, muryar tana biyo shi a baya, kuma haka take a duk bakwai ɗin. Lokaci bai yi maka kaɗan ba, ɗana. Tsoron cewa "ya isa haka" kake yi.

Tunda kai ka kawo zancen masu yawan fim, ɗauki Clint Eastwood na Amurka. An haife shi a 1930, ya fara ba da umarni a 1971, kuma a 2024 ya fitar da sabon fim yana da shekara 94. Finafinan da ya ba da umarni sun kai wajen 40. A 2006 guda biyu ya fitar, haka a 2008, haka a 2014, kuma an san shi da gama aiki a kan lokaci ba tare da ya zarce kasafi ba. To mutumin nan ba rawar jiki yake yi ba. 'Yan wasan da suka yi aiki da shi sun sha faɗin cewa ko murya ba ya ɗagawa a wurin ɗauka. Sau ɗaya ko biyu zai ɗauki fitowa, in ta yi, a wuce gaba. Da yake kowa ya san halinsa, ɗan wasa da haddarsa yake zuwa, mai fitila ya gama saiti tun kafin a neme shi, don babu mai sa ran za a sake sau goma. Ga shi ba ya yawan canza ma'aikata. Joel Cox, mai tace masa fim, tun shekarun 1970 suke tare. Wanda kuka daɗe haka, ido kawai za ku haɗa ya gane.

Amma kada ka ji "yawan fim" ka ɗauka hana kai barci ne. Fassbinder, wani mai shirya fim na Jamus, ya yi finafinai sama da 40 cikin shekarun da ba su wuce 15 ba, ya haɗa da ƙwayoyi, ya mutu a 1982 yana da shekara 37. Ba shi nake so ka bi ba.

Daga gobe, kafin ka taɓa komai, ka kalli duk abin da aka ɗauko sau ɗaya, da takarda da biro a hannu, kana rubuta wanda ya yi. Sannan ka jera labarin daga farko har ƙarshe, ko da ya yi muni; kada ka kusanci launi sai sauti ya zauna. Aikin da ya fi ba ka wuya shi za ka fara da safe, kafin kai ya yi zafi. Wayar nan da ke haske a gefen madannai duk bayan minti biyu kuwa, na lura da ita, cikin durowa za ta zauna har ƙarfe 12.

Aikin da ke hannunka, fayil na uku za mu miƙa. Daidaita muryar nan, ka goge sauran shidan a gabana, ka kawo min kafin ƙarfe huɗu.