Mece ce "kaliyug" da ake yawan ambata a finafinan Indiya?

TAMBAYA: Malam, a finafinan Indiya idan ɗa ya wulaƙanta mahaifiyarsa ko alƙali ya ci hanci, sai in ga wata tsohuwa ta girgiza kai ta ce "kaliyug". Zagi ne ko addu'a? Daga wata ɗaliba a Gusau.

AMSA: 'Yata, ko ɗaya. Abin da kakarki ke nufi ne in ta ce zamani ya lalace, sai dai mabiya addinin Hindu sun yi wa lalacewar lissafi har da adadin shekaru.

A aƙidarsu lokaci kewayawa yake yi kamar damina da rani, cikin zamani huɗu da suke kira yuga. Satya shekara 1,728,000 ne, Tireta 1,296,000, Duwapara 864,000, sai Kali 432,000, wato "kaliyug" ɗin, wanda suka ce shi muke ciki. Misalin da ya fi burge ni na bijimi ne. Suka ce gaskiya da adalci bijimi ne da ke tsaye daram kan ƙafa huɗu a zamanin farko, kowane zamani ya shigo sai ya rasa ƙafa guda. Ki ƙiyasta ƙaton sa a kara yana tangaɗi kan ƙafa ɗaya, to shi tsohuwar nan ke hange.

Kada ki haɗa sunan wannan zamani da gunkiyar nan Kali mai zaro harshe, kalmar daban ce. Wannan daga caca aka aro shi: kali shi ne jifa mafi muni, mai ɗigo ɗaya.

Sun ce zamanin Kali ya fara a shekara ta 3102 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bayan Kirishna, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu, ya bar duniya. Ke nan an ci shekara 5,100 da 'yan kai, ko kashi biyu cikin ɗari ba a kai ba. Tsohuwar tana da sauran girgiza kai! Zamanin huɗu in aka haɗa shekara 4,320,000 ne, irinsu 1,000 kuma yini ɗaya ne kacal a wurin Barahma, abin bautarsu da suke ɗauka shi ne mahalicci.

Masana taurarinsu ma da wannan ma'auni suka yi aiki. Aryabhata ya rubuta cewa yana ɗan shekara 23 lokacin da Kali ya cika shekara 3,600, wato 499 Miladiyya. Shi ne kuma ya ce inuwar ƙasa ke kawo husufin wata, a zamanin da jama'arsa ke cewa dodo Rahu ne ke haɗiye shi.