Ɗana ya taɓa samun matsala a jami'a: shin akwai wanda zai iya sa a rantsar da shi lauya?

Tambaya: Barista, ina kwana. Ɗana yana gab da kammala Makarantar Horas da Lauyoyi. Tun yana aji biyu a jami'a an taɓa dakatar da shi zango ɗaya kan laifin jarrabawa. Wani mutum ya ce ya san babban alƙali a cikin masu rantsarwa, in muka ba shi wani abu zai gyara komai, kuma kada yaron ya ambaci dakatarwar a takarda. Barci ya ƙaurace mini. Su wa ke da wuƙa da nama a wannan lamari?

Amsa: Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali. Kada ki ba mutumin nan ko sisi, kuma ga dalili.

Ƙofa biyu ce ɗanki zai bi, kowacce da masu tsaronta. Ta farko Majalisar Ilimin Shari'a, wadda aka kafa a 1962. Ita ke riƙe da Makarantar Horas da Lauyoyi, ita ke ba da takardar shaidar cewa mutum ya ci jarrabawa. Amma ba ita ke rantsar da lauya ba. Ta biyu ita ce majalisar dattawan aikin lauya da ake kira Body of Benchers, wadda Dokar Lauyoyi ta ɗora wa alhakin rantsar da sabon lauya. Sunan ma daga Ingila aka aro shi, inda dattawan gidajen lauyoyi huɗu na Landan ke wannan aiki tun da daɗewa. Bayan rantsarwa sai a rubuta sunan mutum a kundin lauyoyi da ke Kotun Ƙoli.

To su wa ke zaune a wannan majalisa ta biyu? Babban Jojin Najeriya da dukan alƙalan Kotun Ƙoli, Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, manyan alƙalan jihohi, Antoni Janar na tarayya da na jihohi, shugaban Majalisar Ilimin Shari'a, shugaban ƙungiyar lauyoyi ta NBA, da lauyoyi 30 da ƙungiyar ke turawa. Akwai kuma waɗanda suka zama 'yan majalisar na har abada. Shugabanta shekara ɗaya yake yi ya sauka. Aikin kuwa kwamitoci ke yinsa: akwai na tantance masu neman shiga, akwai na ladabtar da lauyoyin da suka yi ba daidai ba.

Ki dubi wannan taron jama'a, Hajiya, ki gaya mini wane alƙali ɗaya ne zai tsallake su duka ya cusa suna. Da gangan aka haɗa alƙalai da lauyoyi da jami'an gwamnati wuri guda, don kada wani ya mallake ƙofar shi kaɗai. Amma kusan kullum sai na gamu da iyayen da wani ɗan damfara ya ce musu "ai ina da mutum a ciki". Wannan magana tana ƙona mini rai. Mai faɗinta ya san cewa yawancin ɗalibai za su wuce ko da shi ko ba shi. In yaro ya wuce, ya ce aikinsa ne. In an tsayar da yaro, ya ce kuɗin ne bai kai ba, a ƙaro. Ta ko'ina shi ke da riba, kuma alƙalin da yake ambata galibi bai ma san da zamansa a duniya ba.

Kuɗin ma da sauƙi. Shawararsa ta biyu ce guba, wato a ɓoye dakatarwar. Doka ta ce dole mai neman rantsarwa ya gamsar da majalisar cewa shi mutumin kirki ne, kuma abin da ake aunawa a nan shi ne ko za a iya ba shi amanar dukiyar marayu da sirrin mutane da 'yancin wanda ke tsare. Kuskuren da yaro ya yi shekaru da suka wuce, ya karɓi horo, ya gyaru, abu ne da kwamiti zai iya zama ya duba. Ba zan yi miki alkawarin za su yafe ba, don laifin jarrabawa ba ƙaramin abu ba ne a idonsu. Amma ƙaryar da ya rubuta da hannunsa a bana sabon laifi ne, kuma kai tsaye yake taɓa abin da ake tantancewa. Takardun jami'a suna nan a ajiye, abokan karatunsa suna nan da rai, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Kwamitin ladabtarwa yana da ikon ba da umarnin a goge sunan duk wanda aka gano da yaudara ya shiga kundin. Ki yi tunanin mutum ya yi shekara goma yana aiki, da iyali da mutunci, sai takardar ƙorafi guda ta tono maganar. Wane mai son ɗansa ne zai gina masa rayuwa a kan haka? Iyaye, ku ji tsoron Allah, ku daina koya wa 'ya'yanku shiga aikin gaskiya ta ƙofar ƙarya.

Abin yi yanzu: ɗanki ya nemo kwafin takardar dakatarwar da kuma wadda ta dawo da shi karatu, ya duba me ya rubuta tun lokacin da ya cika takardar shiga Makarantar Horas da Lauyoyi. In ya bayyana a can, to ya sake bayyanawa. In ya ɓoye, ya je yau ɗin nan wurin babban lauya mai mutunci, ya faɗa masa komai ba ragi, su tsara yadda zai gyara maganar a rubuce kafin sunansa ya isa gaban kwamitin tantancewa.