Tambayi Likita: Kansar jini gadonta ake yi ko ɗauka?

Tambaya: Salam Likita. Yayan mijina ya rasu bara, a asibiti aka ce kansar jini ce, kuma shi bakanike ne tun yana saurayi. Yanzu hankalina ya ƙi kwanciya don babban ɗana bumburutu yake yi, kullum kayansa warin fetur. Dan Allah cutar nan gadonta ake yi ko ɗauka?
Daga wata uwa a Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan mamaci. Ba a ɗaukar kansar jini, ko an yi jinyar mai ita ko an ci kwano ɗaya da shi. A ɓargo take farawa, inda ake ƙera ƙwayoyin jini. Kuma ba gado ba ce irin ta sikila, mafi yawan masu ita babu wani a gidansu da ya taɓa yi, sai dai wani nau'i da ya fi kama dattawa yakan ɗan bi dangi na kusa.

Ni gaskiya fetur ɗin ne ya fi damuna. Akwai sinadarin benzin a cikinsa, kuma sashen binciken kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ya daɗe da tabbatar da cewa yana jawo kansar jini, yana shiga jiki ta numfashi da ta fata, to kin ga mai zuƙo fetur da tiyo a baki, ko bakaniken da ke wanke hannu da shi shekara da shekaru, ai yana tara wa kansa haɗari bai sani ba. Benzin ɗin nan yana cikin hayaƙin sigari ma. Sauran abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa da ita su ne tsufa, lalurar Down a yara (wadda ake haifar yaro da ita), yin kemo (maganin kansa mai ƙarfi) a baya, da tururin nukiliya mai ƙarfi irin na Hiroshima a 1945. Hoton asibiti na lokaci-lokaci ba abin tayar da hankali ba ne.

Ba kowane mai harkar fetur ke kamuwa ba, amma ki zaunar da ɗan naki ku yi magana. Ya daina zuƙa da baki, ya riƙa wanke hannu da sabulu, ya cire kayan aiki in ya dawo, kuma kar a ƙara ajiye jarka a ɗakin kwana. In yana shan taba ya bari.

In kika ga zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya, ga kasala da ramewa, ko yawan haɓo, jini a dasashi, ko kaluluwa a wuya, ku je a yi masa gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini. Tunda kuna Zariya, akwai sashen cututtukan jini a asibitin koyarwa na Shika.