Sayar da Wasa da Hukuncin Kuɗin Ƙwallo

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni matashi ne a garin Bauchi, ina tsaron gida a wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallon ƙafa. Da ɗan alawus ɗin da ake ba mu nake taimaka wa gida, amma Baba ya ce kuɗin tamaula ba su da albarka, ko cefane aka yi da su ba ya ci. Ga kuma wata: saura wasa ɗaya kaka ta ƙare. Mu ko mun ci ko an ci mu muna nan inda muke, abokan karawarmu kuwa in ba su ci ba za su faɗa rukunin ƙasa. An same mu a asirce an ce mu sassauta, za a ba kowa abin da ya fi alawus ɗin wata uku. Mu kuma wata huɗu ke nan ba a biya mu ba. Tunda ba wanda zai cutu, ya halatta in karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, zan fara da ta biyun domin ita ce ba ta jira. Bai halatta ka karɓa ba, ko sisi. Sunan wannan kuɗi cin hanci, kuma Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai bayar da cin hanci da mai karɓa. Aikin da za a biya ka dominsa kuwa ha'inci ne, ga hadisin da ke cikin Sahihu Muslim: "Wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu."

Ka ce ba wanda zai cutu. A nan ne Shaiɗan ya shigo maka. In waɗannan suka tsira da ƙwallon da ka bari da gangan, akwai wata ƙungiya ta uku da za ta faɗa a madadinsu. Yara ne irinka, sun sha ranar Bauchi ko ta Gombe suna atisaye, sun kwana a mota a hanyar zuwa wasa, wataƙila su ma ana riƙe musu alawus. Kai ba ka gan su ba, shi ya sa ka ɗauka babu su. Sai ɗan kallon da ya cire kuɗi daga aljihunsa ya biya a ƙofa don ya ga gasa ta gaskiya, aka nuna masa wasan kwaikwayo. Sai ita ƙungiyar da ta damƙa maka raga. Mai tsaron gida ai mai gadi ne, kuma kowa ya san sunan mai gadin da ya buɗe wa ɓarawo ƙofa don an ba shi na goro.

Mu mutanen Bauchi bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba, don a garinmu aka yi abin kunyar da duniya ta ji. A watan Yulin 2013, a wasannin neman hawa rukunin gaba, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine kuma ta ci Bubayaro 67 da nema. An tafi hutun rabin lokaci a wasan farko ana 7 ne kawai, ke nan ƙwallo 72 aka zura bayan an dawo. Ka lissafa da kanka: duk ƙasa da daƙiƙa 40 sai an ɗauko ƙwallo daga raga. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma, ta haramta wa 'yan wasan taka leda har abada. Har yau in na tuna, waɗannan yaran nake tausayi, domin waɗanda suka kitsa abin suna da wasu hanyoyin cin abinci, su kuwa ƙafarsu ce jarinsu. Ƙwallo ɗaya da za ka bari da 79 ɗin nan hukuncinsu ɗaya a shari'a, yawa ne kawai ya bambanta su.

Ban manta da wata huɗun ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu ƙungiyar da suke riƙe haƙƙin yara suna da ikon biya azzalumai ne, kuma Bukhari ya ruwaito hadisi ƙudusi cewa cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar alƙiyama akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya gama morarsa, ya hana shi ladansa. Ku haɗu ku nemi haƙƙinku da babbar murya, ku kai ƙara inda ake kaiwa. Amma zaluncin da aka yi maka bai ba ka izinin zaluntar wanda bai ci maka komai ba.

In har an riga an danƙa maka kuɗin, ka mayar kafin ranar wasa. In abokanka suka karɓa kai ka ƙi, ka shiga fili ka tsare ragarka iyakar ƙarfinka, laifinsu ba ya kanka. In kuma umarnin daga shugabannin ƙungiyarku ya fito, ba a yi wa abin halitta biyayya a saɓa wa Mahalicci. Gara a ajiye ka a benci. In kana da hanyar sanar da masu shirya gasar ba tare da ka jefa kanka cikin haɗari ba, ka sanar.

Sai maganar Baba. Kada ka ɗauka ya faɗi haka ne da ka. Akwai hadisin Abu Huraira cewa babu kyautar gasa sai a harbi ko tseren raƙuma ko na dawaki, kuma a kansa malamanmu na Malikiyya suka tsaya: a Mukhtasar na Shehu Khalil an halatta sa kuɗi a waɗannan, sauran wasanni kuwa sai dai a yi su kyauta. Wanda ya tashi a zauren karatu yana jin wannan, dole ya yi ɗari-ɗari da kuɗin tamaula.

Motsa jiki da gasa a kan kansu ba a yi saɓani a halaccinsu ba. Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ta wuce shi, bayan shekaru ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. Habashawa sun yi wasa da māsu a cikin masallacinsa yana kallo. Abin da ya rage shi ne kuɗin. Fahimtar da na natsu da ita ita ce, alawus ɗinka ba kyautar gasa ba ne, ladan ƙwadago ne: an ɗauke ka aiki sananne, na lokaci sananne, a kan lada sananne, ko an ci ko ba a ci ba. Wannan babin ijara ne, kuma ijara a kan aikin halas halas ce. Kyautar da gwamnati ko kamfani ke sa wa wanda ya ɗauki kofi ma malamai da yawa na wannan zamani sun halatta ta, tunda ba 'yan wasan suka tara ba. Inda caca take shi ne abin da ake yi a unguwanni, kowane ɓangare ya zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, da kuma wadda ake bugawa a shaguna da wayoyi. Wannan ita ce maisir da Allah ya haɗa da giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90.

Halaccin yana da sharuɗɗa. Wasanninmu galibi ƙarfe huɗu ake take su, to ka sallaci La'asar kafin ka fita fili. Cinya kuma, Risala ta ce al'aura ce amma ba kamar ainihin al'aura ba. Ka sa matsattsen wandon nan na ciki da ke kaiwa gwiwa ka fita daga saɓani. Ka nisanci binne laya a bakin raga, da rage shekaru a takarda, da dukan alƙalin wasa. Ka kuma tuna da yaran da ke rige-rigen ɗaukar maka takalmi da safar hannu in an tashi atisaye. Da yawansu ba sa zama wa'azina, amma yadda ka ɗaura igiyar takalmi ma kwaikwayonka suke yi. In suka ga ka shimfiɗa riga a gefen fili ka ta da kabbara, gobe za ka ga sahu a bayanka.

Shi Baba kada ka yi jayayya da shi, kada ka tsaya gabansa kana karanto masa hadisi. Ka sami malamin da yake ganin girmansa ya zauna da shi. Kafin nan, ka juya kuɗin zuwa littattafan ƙannenka da sabulu da kuɗin wuta, ka bar masa cefanen da ransa ya kwanta da shi. Wallahu a'alam.