Hira da Iyali Tana Rage Ladan Tsayuwar Dare?

Tambaya: Malam, tun bayan Ramadan nake raya dare da nafila, da rana kuma ina kasuwa. Matata ta ce na daina zama da ita, ga shi ta rame, ba ta barci, abu kaɗan sai kuka. Ni kuwa ina ganin hira ɓata lokaci ce. Ina da laifi?

Amsa: Allah Ya karɓi ibadarka, ɗan'uwa, amma akwai gyara. Tsayuwar dare nafila ce, kyakkyawan zama da mace kuwa wajibi ne, kuma ba a tauye wajibi domin nafila. A aya ta 21 ta Suratur Rum, Allah Ya ce Ya halitta muku mata domin ku natsu gare su, Ya sanya ƙauna da jinƙai a tsakaninku. Natsuwar nan ita kake nema a sujada.

Irin naka ya faru ga sahabi Abud Darda'i. Sahabi Salmanul Farisi ya tarar da matar Abud Darda'i ba ado, ta ce mijinta ba ruwansa da duniya. Salmanu ya sa shi ya karya azumin nafila, ya hana shi tashi sai ƙarshen dare, ya ce Ubangijinka, da kanka, da iyalinka duk suna da haƙƙi a kanka. Annabi (SAW) ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Bukhari ne ya ruwaito.

To, ka raba daren. Idan magariba 6:30 ce, alfijir 5:00, sulusin ƙarshe yana shiga 1:30, kuma shi ne mafi falala. Bayan isha ka ajiye waya, ku ci tuwo tare, ka saurare ta ko da rabin awa, ba tare da ka mai da hirar wa'azi ba (nan maza da yawa ke kuskure). Ka kwanta, ka tashi wajen 3:30. In ta so, ka tashe ta ku yi raka'a biyu tare. Ka bar ta ta riƙa ziyartar iyayenta ma, kaɗaici yana cin rai.

Rashin barci, ƙin abinci da yawan kuka, in sun wuce mako biyu, a kai ta asibiti, kada a yi saurin cewa aljanu ne. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Wallahu a'alam.